Kan Ragon da Ba Mu Ci Ba a Kirgistan

Tun da na dawo daga Kirgistan ban huta da tambaya ba. A shagona na maganin dabbobi da ke unguwar Bolari a Gombe, mutum zai zo sayen maganin tsutsar awaki, kafin in miƙa masa ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labarin ƙasar duwatsu. A majalisarmu ta bayan la'asar ma haka. Wasu so suke su ji ko da gaske ana shan nonon goɗiya, wasu kuma, musamman masu 'ya'yan da ke neman karatun likita a can, hanya suke son sani da abin da mutum zai tanada. Nakan ba su na dariyar in riƙe sauran. Yau dai na ga gara in rubuta duka, mai dariya ya yi, mai niyyar tafiya kuma ya tafi da idonsa a buɗe, don ni tafiyar nan ba ta bar min daɗi a rai ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Sa'adu ne ya je can karatun likita, ya gama, ya sami aiki a Bishkek, babban birninsu, ya kuma auri abokiyar aikinsa Ainura, Musulma 'yar makiyaya. An ɗaura auren babu ko mutum ɗaya daga danginmu. Allah ya ba su ɗa namiji, aka sa masa sunan marigayi mahaifinmu, Usmanu. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, tana gidanmu na Shamaki, hawan jinin ido ya riga ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma likita ya ja ni gefe ya ce kada mu sa rai zai daɗe. Ba ta da wani buri sai ta ga yaron nan. Idan aka nuna mata shi a waya ba ta ganin komai sai haske yana motsi. Ita kuwa Ainura ta yi wa mahaifinta alkawarin ba za ta fita da jikansa daga ƙasar ba sai ya sa albarka, shi kuma tsohon ya ce sai ya ga dangin mijin 'yarsa tukuna, ya san irin hannun da za ta shiga. Ban ga laifinsa ba, ko mu ne haka za mu yi.

Sai aka yanke in je tare da Bappa Jauro, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne uba gare mu yanzu. Duk wanda ya san Bappa ya san abin da nake nufi idan na ce Bafillace ne na da. A bayan shanu ya girma, ko da yake yanzu yana zaune a Barunde. Ban taɓa ganin ya kai loma bakinsa a gaban baƙo ba, ban kuma taɓa jin ya ce wani wuri na masa ciwo ba. Idan ka ga Bappa ya yi salla a zaune, to wani da tuni yana gadon asibiti.

Biza ta intanet muka nema, da takardar gayyata da Sa'adu ya aiko, kuma ina ba mai tafiya shawara ya buga kowace takarda ya riƙe a hannu, kada ya dogara da waya. Lokacin ma abin lura ne. Damunarmu ita ce lokacin zafinsu, kuma a lokacin ne kawai hanyoyin saman duwatsu suke buɗe, makiyaya suke hawa da dabbobinsu. Surukinmu yana can sama, Ainura da yaron ma sun tafi hutu wurinsa, don haka can za mu same su.

Mota muka shiga daga Gombe zuwa Abuja. Da muka zo hawan Jos na nuna wa Bappa duwatsu na ce ga irin abin da za mu tarar, ya ce wanda ya yi kiwo a gindin dutsen Bima ba a ba shi labarin dutse. A filin jirgi aka fara. Dada ta ba mu man shanu da zuma a kai wa surukarta, ni kuma da wayona na sa su a jakar hannu don kada su fashe, ashe ba a shiga jirgi da irinsu a hannu. Da ƙyar muka sami mayar da su cikin babban akwati, na zazzage kayana a ƙasa mutane na tsallake su. Sandar Bappa ma aka ce sai dai ta bi kaya. Ya tsaya yana kallo aka liƙa mata takarda aka tura ta, ya ce tunda aka yaye shi bai rabu da sanda ba sai yau.

A Istambul muka sauya jirgi, muka yi doguwar jira. Nan na gane mutum ya tafi da ƙaramar buta ko gorar roba, don ba ko'ina za ka sami abin kama ruwa yadda ka saba ba. Daga nan sai Bishkek. Ma'aikacin shige da fice ya juya koren fasfonmu gaba da baya, ya dubi Bappa da rawaninsa, ya nemi takardar gayyata, ya sa na kira Sa'adu suka yi magana da yarensu kafin ya buga hatimi. Da muka je ɗaukar kaya, akwatunan kowa suka fito, can sai ga sandar Bappa ita kaɗai tana zagayowa a kan bel ɗin da ke kawo kaya. Wata tsohuwa ta ɗauko ta miƙa masa da hannu biyu ba tare da ta tambayi mai ita ba.

Sa'adu ya yi ƙiba, ya yi haske. Da ya hango mu ya taho da sauri kamar zai rungume mu, yana zuwa gaban Bappa sai ya durƙusa a tsakiyar mutane ya sunkuyar da kai. Na ji daɗi a lokacin, na ce yaron nan bai manta gida ba.

Gidansa a saman bene yake, ɗakuna biyu ƙanana, makewayi irin na zama. Ana cire takalmi tun daga bakin ƙofa, kuma ba a gaisawa a kan dokin ƙofa, sai ka shigo ko mai gida ya fita. Birnin akwai itatuwa, ruwa na gudu a ƙananan lambatu gefen titi, idan ka ɗaga kai kudu kuma ga duwatsu da farar ƙanƙara a kansu alhali kai kana gumi. A kasuwa kowa sai ya dube mu. Wasu su nemi hoto, wasu su tambaya ko Musulmi ne mu, idan muka ce alhamdulillahi sai su dafa ƙirji su cika mana hannu da busassun 'ya'yan itace. Wata mai sayar da cuku ta ba ni wani farin dunƙule kamar ƙwallon fura ƙarami, na jefa baki gaba ɗaya, ashe busasshen kindirmo ne da gishiri kamar me. Ban iya tofarwa ba don tana kallona tana jiran yabo, hawaye na zuba nake ɗaga mata babban yatsa.

Abincinsu nama ne da burodi da taliya da shayi. Wanda ba ya son naman doki ya riƙa tambaya kafin ya ci, don su a wurinsu shi ne naman girma. Shayi kuwa ba sa cika maka kofi, rabi-rabi za a yi ta zuba maka. Na ɗauka rowa ce, Sa'adu ya ce girmamawa ce, wanda aka cika wa kofi shi ake so ya sha ya tashi. Burodi ba a kifa shi, ba a jefar da shi. A gidan Sa'adu, Bappa a ɗaki yake cin nasa shi kaɗai da ƙofa a rufe, kamar yadda ya saba.

Ranar tafiya sama Sa'adu ya ɗauko hayar wata tsohuwar jif, direban sunansa Nurlan, mutum mai surutu da haƙorin zinariya, wanda ya yi ta ba Bappa labari da yarensa Bappa na amsa masa da Fillanci har muka isa. Sa'adu ya sa muka canji kuɗi tun a birni, ya ce can sama babu banki, babu kati, waya ma ba ta kamawa. Ya sayo mana rigunan sanyi masu kauri, Bappa ya ɗaga tasa ya duba ya ce ya ajiye wa mai jin sanyi. Sa'adu ya kuma ce ƙa'idar hawa irin wannan tudu ita ce a kwana a wani gari da ke rabin hanya, jiki ya saba da ƙarancin iska, a yi ta shan ruwa, washegari a ƙarasa. Bappa ya ce an riga an gaya wa suruki muna tafe, kuma ba a sa suruki jira. Sa'adu likita ne, amma a gaban Bappa ɗa ne, sai ya ce wa Nurlan mu wuce kai tsaye. Ni ma ban hana ba.

Hanyar da farko kwalta ce mai kyau tana bin gefen kogi, daga baya ta koma tsakuwa, ta fara nannaɗewa a jikin dutse. Ta hannun dama bango, ta hagu rami wanda ban yarda na leƙa sau biyu ba. Kunnuwana suka toshe. Nurlan yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mana gaggafa da ɗayan. Muka wuce masu sayar da nonon goɗiya a bakin hanya, na ɗanɗana, tsami da ƙamshin hayaƙi, na ji kuma kamar yana ɗan bugarwa, sai na ajiye. Su suna cewa magani ne, wasu malamansu na halatta sabo-sabonsa, ni dai ban ƙara ba.

Da Nurlan ya ce mun kusa, Bappa ya sa aka tsaya a wata kwana. Ya buɗe jakarsa ya fito da dambun nama da ƙuli-ƙuli da ya taho da su tun daga Gombe, ya ce kowa ya ci ya ƙoshi, ba a shiga gidan suruki da yunwa. Ya ɗauki nasa ya zaga bayan wani dutse. Nan Sa'adu ya matso kusa da ni.

"Hamma, don Allah ka yi masa magana," ya ce. "Mutanen nan za su yanka rago, za su ba babba kan. Dole ya karɓa ya yanka ya ci. Idan bai ci ba, wallahi akwai matsala."

Na ce masa shi da ya san ƙasar me ya hana shi faɗa, ya ce ta ina zai fara gaya wa Bappa yadda zai ci abinci. Da Bappa ya dawo na faɗa masa, amma a cikin raha na sa maganar, na ce an ce yau sai ya ci kan rago a gaban jama'a. Ya dube ni ya ce surukin kirki zai gane mai kunya idan ya gan shi, kuma makiyayi ko a ina yake makiyayi ne. Daga nan ya shiga mota. Da na san abin da ke gaba, da na riƙe ƙofar motar nan na yi masa bayani dalla-dalla ko da zai zage ni.

Muka ɓullo wani fili shimfiɗaɗɗe a saman duwatsu, ciyawa kore shar, tafki a tsakiya, dawakai da tumaki ko'ina. Bukkokinsu farare ne masu zagaye, da gashin tumaki aka lulluɓe su, ana kwancewa a ɗora wa mota idan za a tashi. Bappa ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai ruga ce.

Surukinmu gajere ne kakkaura, da doguwar farar hula. Kowa Ata yake ce masa, wato baba, mu ma muka bi. Ya riƙe hannun Bappa da hannu biyu ya ƙi saki. Kafin mu zauna aka jawo rago har bakin bukka, aka ce babban baƙo ya yi addu'a kafin a yanka. Bappa ya shafa bayan ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kitsen gindinsa ya jinjina kai, Ata ya fashe da dariya. Daga nan suka shiga cikin garke su biyu, babu mai fassara. Ata ya nuna masa wata goɗiya mai ɗingishi, Bappa ya ɗaga kofaton ya zaro tsakuwa da wuƙarsa. Ina kallonsu na ce a raina aikin ya ƙare, sai dai mu fara maganar tikitin jirgi.

Ainura ta fito da ɗankwali ta rusuna ta gaishe mu da Hausar da ta koya, ta kira ni Hamma, wato yaya, tsohon kuma ta kira shi Bappa. Ashe su ma amarya ba ta kama sunan dangin miji, kamar mu. Sai ga yaron ya fito daga bayan bukka, ya hango ubansa wanda ya yi makonni bai gani ba, ya sheƙo da gudu hannuwa a sama. Sa'adu yana tsaye kusa da Bappa. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu gare shi. Sai Sa'adu ya kawar da kai kamar bai gan shi ba, da yaron ya kama ƙafarsa ya sa hannu ya janye shi a hankali ya tura shi wajen uwarsa. Yaron ya tsaya yana kallonsa, sannan ya fashe da kuka. Ni ban ga komai a ciki ba, don haka aka yi mana, haka muka yi wa namu. Amma na lura Ata ya daina dariya.

Da yamma aka shimfiɗa ledar cin abinci a cikin bukka, aka cika ta da soyayyen fulawa irin fanke ƙanana, da man shanu, da zuma, da shayi. Maƙwabta suka zo a kan dawakai, dattawa da fararen huluna, duk don su ga surukan Ata da suka zo daga Afirka. Aka zaunar da Bappa can ƙurya mai fuskantar ƙofa, wurin babban baƙo. Wani saurayi ya zaga da ruwan wanke hannu. Aka kawo romo, aka raba nama kowa da gaɓarsa gwargwadon girmansa, daga ƙarshe Ata da kansa ya ɗauko kan ragon a faranti, da wuƙa a kai, ya ajiye a gaban Bappa. Al'adar ita ce baƙon ya yanka ya ci, ya ba yara kunne don su zama masu jin magana, ya raba ido da wanda yake so su riƙa ganin juna.

Bappa ya dafa ƙirji, ya yi godiya da Fillanci, ya ce ya ƙoshi, ya tura farantin a hankali ya mayar gaban Ata. Ata ya sake turowa yana murmushi, Bappa ya sake mayarwa. A wurinsa wannan ita ce iyakar girmamawar da zai yi wa suruki. Ni kuma tunda Bappa bai ci ba, ta yaya zan miƙa hannu? Na riƙe kofin shayi ina jujjuya shi. Abin da ya fi muni, Sa'adu da ya shekara da shekaru yana ci a ledar nan, wanda Ata ke kira ɗansa, shi ma ya naɗe hannu ya sunkuyar da kai. Mu uku muka zauna a gaban ragon da aka yanka dominmu, babu wanda ya taɓa. Wani dattijo ya yi magana a hankali, Sa'adu bai fassara ba. Ata ya ɗauki kan ya miƙa wa wannan dattijon, aka ci abinci ba hira, aka shafa addu'a, maƙwabta suka hau dawakansu tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

Sanyin wurin idan rana ta faɗi ba a ba da labarinsa, kuma a tsakiyar lokacin zafinsu ke nan. An hura mana murhu da busasshen kashin dabbobi, aka lulluɓe mu da barguna masu nauyi. Da asuba na tashi da ciwon kai kamar ana sara min gatari, na ga Bappa yana salla a zaune. Leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa na fita da ƙara, idan ya tashi sai ya yi tangaɗi. Ashe tun a hanya kansa ke sarawa, ya yi amai a bayan bukka ya rufe da ƙasa bai gaya wa kowa ba. Sa'adu ya sa kunne a ƙirjinsa ya ce ciwon tudu ne, kuma ba shi da magani sai sauka, yanzu-yanzu. Mun zo da niyyar kwanaki, mu zauna mu yi maganar da ta kawo mu, ga shi ko buɗe ta ba mu yi ba.

Ana ɗora kaya Ainura ta same ni a gefen mota, idonta ya kumbura. Da Turanci muka yi magana. Ta ce ta yi wa mahaifinta bayani, ta ce masa kunya ce irin ta mutanenmu, ba raini ba. Ya ce ya yarda tsohon mutumin kirki ne, wanda ya iya riƙe ƙafar goɗiya haka ba mugu ba ne. Ba ƙin cin naman ne ya fi damunsa ba. Ta faɗa min maganarsa kamar yadda ya faɗa:

"Mijinki a gabana yana ci, yana dariya, yana ɗora ɗansa a wuya. Jiya danginsa suka zo, ya kasa cin abinci, ya ture ɗansa. Idan namiji a cikinsu haka yake komawa, ke da kike baƙuwa yaya za ki koma? Wa zai ɗauki yaron nan idan ya yi kuka a can?"

Na buɗe baki in ce Dada za ta ɗauke shi, za ta goya shi, gidan gaba ɗaya za su yi ta rububinsa, don a wurinmu abin da uba ya ɓoye kaka ce ke bayyana shi. Amma wa zan gaya wa, da wane yare, Bappa na kwance a bayan mota Nurlan ya riga ya tayar da inji?

Ata ya fito da burodi a kan wani farin ƙyalle. Ashe ko mai sauri ne ba ya barin gidansu sai ya gutsiri burodi ya kai baki. Ya leƙa motar, Bappa idonsa a rufe. Ya juyo wurina, na gutsira na ci, na ƙara gutsira, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ta daban da wadda aka koya mana. Ya dafa kafaɗata ya yi magana, Sa'adu ya fassara da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce Allah ya ba tsohon lafiya, idan ya warke ya dawo su ci abinci tare, sannan a yi maganar tafiya.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki a garin nan na rabin hanya da muka ƙi tsayawa da farko. Matar gidan ta yi ta ba Bappa romo, ya sha don ita ba suruka ba ce. Muna sauka numfashinsa ya fara daidaita, amma a Bishkek likitocin da suka duba shi sun ce kada ya sake hawa irin wannan tudu, ko da wasa. Ata kuwa ba ya saukowa sai ƙanƙara ta kore shi, bizarmu kuma ba ta kai lokacin ba. Na so in koma ni kaɗai, Sa'adu ya ce ba ni aka ba kan rago ba. Man shanu da zumar Dada ma a birni na bar su, don a ruɗewar tafiya sama na manta su a akwati.

To masu tambaya, ga abin da na sani. Ƙasa ce mai kyau, mutanenta masu son baƙo ne fiye da yadda za ku zata. Ku tafi da rigar sanyi ko da ana zafi, ku hau tudu a hankali, wanda kansa ya fara ciwo ya faɗa tun da wuri. Idan aka ajiye muku abinci ku ci, ko loma ɗaya ce. Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura, mun san karin maganar nan sarai, ba mu dai zaci da mu take ba.

Bappa bai taɓa tayar da zancen ba tun da muka dawo. Yakan zo shagona ya zauna. Sau ɗaya ya tambaye ni ko goɗiyar nan ta daina ɗingishi, na ce ban sani ba. Sa'adu yana ta lallaɓa surukinsa tun da suka sauko gari, tsohon ya sassauto, ya ce wataƙila baɗi, idan sun dawo daga kiwo. Amma ɗayan idon Dada bai jira baɗi ba, ya rufe tun kafin a gama girbin gero.

Kwanan baya na shiga gaishe ta da safe, tana zaune a bakin gado. Ta ce in matso. Ta tambaye ni da wa yaron yake kama, na ce goshinsa da kunnuwansa na mahaifinmu ne sak, idanun ne na uwarsa. Ta yi murmushi, ta ce yana da jiki ko siriri ne irin ubansa yana ƙarami. Na ce da jikinsa.

"Da ka ɗauke shi, ya yi nauyi?" ta ce.

Na tsallake ƙasashe na je har inda yake, na kwana a bukkar da ke kusa da tasa, amma Bappa na wurin, ubansa ya kawar da kai, ni ma ban miƙa hannu ba.

"Ban ɗauke shi ba, Dada."

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Can ta ce in gaya wa Sa'adu, idan Allah ya kawo su, kada kowa ya karɓi yaron a ƙofar gida, a kawo mata shi kai tsaye a ɗora mata a cinya.